Tallar safe a Legas: gidan rediyo ko mai shiri a waya, kuma wa ya ƙirga masu sauraren da ake gaya maka?

Duk ɗan kasuwar da ya ɗan tasa a Legas, ko mai lodin kaya ne zuwa Arewa daga Ijora, ko dillalin shinkafa da wake, ko mai gidan abinci a Idi-Araba, akwai ranar da mutum biyu za su same shi da maganar talla. Na farko daga gidan rediyo zai zo, da riga mai tambarin tasha, ya buɗe takarda mai zane-zanen kala ya ce ranka ya daɗe shirinmu na safe shi ne na ɗaya a Legas, mutum miliyan kaza ke ji. Na biyu yaron unguwa ne mai shafi a Facebook ko TikTok da yake shirin Hausa kai tsaye bayan asuba, zai miƙo maka waya ya ce Alhaji duba da idonka, bidiyon jiya kaɗai dubu kaza suka kalla. Kuɗin da ka ware kuma na mutum ɗaya ne. Toh wa za a ba?

Lambobin nan biyu ba da ma'auni ɗaya aka auno su ba, ɗaya tiyar Dawanau ce ɗaya darikar Mile 12, in ka jera su ka ce wannan ta fi waccan yawa ka riga ka cuci kanka tun ba a fara ciniki ba. Shi ya sa zan ɗan ja magana kan yadda ake samo kowacce, amma kafin nan a duba safiyar kanta, don ba irin ta da ba ce.

A da ai safiyar Bahaushen Legas a jere take. Maigadi a Ikoyi, mai shayi a Obalende, kowa da 'yar Kchibo ɗinsa an ja eriya har ƙarshe, ƙarfe 6 Muryar Amurka, 6:30 BBC, 7 Faransa, 7:30 Jamus, ko agogo ba ka buƙata. BBC Hausa tun 1957 take, ta Jamus 1963, ta Amurka 1979, RFI kuwa a 2007 ta fara kuma a nan Legas aka kafa sashen, a harabar Muryar Najeriya da ke Ikoyi, da yawa ba su ma sani ba. Duk a gajeren zango ake kama su, don shi ne ke tsallake ƙasashe, FM kuwa ba ta nisa, tashar Kano ba za ta taɓa isowa Agege ta iska ba. Yanzu ka gwada kama gajeren zango a cikin Mushin ko Agege ka ji, janareto nan, inbata can, cajar waya, fitilun zamani, duk suna zuba masa ƙara sai shuuu kake ji. A watan Maris 2025 kuma aka wayi gari sashen Hausa na Muryar Amurka shiru bayan umarnin da Trump ya sa wa hannu, wanda ya shekara da shekaru yana tashi da shi ƙarfe 6 dole ya nemi wani abin. Su wayoyin Itel da Tecno da ke aljihun kowa suna da FM amma babu gajeren zango, saboda haka yaro ɗan shekara 25 da ke tura baro ko sayar da rake, ko dai ya ji FM da turancin buroka, ko ya sa data ya ji Hausa, ko ya jira wani ya turo muryar labaran a guruf ɗin 'yan garinsu na WhatsApp. Kuma a lura, waɗancan manyan tashoshin na waje da suka riƙe kunnenmu ba sa karɓar tallar ɗan kasuwa a shirinsu, da ma can ba su cikin zaɓinka.

Sannan ita safiyar da gidajen FM ke sayarwa da tsada, wajen 6 zuwa 10, ta ma'aikacin ofis ce da ya maƙale a gosulo daga Ikorodu ko Ajah ko kan gadar Third Mainland, hannu a sitiyari babu abin yi sai rediyo. Har tasha guda gwamnatin jiha ta buɗe a 2012 don labarin hanya kawai, Lagos Traffic Radio a 96.1. Mu kuwa namu mutanen lokacinsu daban ne. A Mile 12 tun duhu ake sauke tumatur da albasa, ƙarfe 7 ciniki ya yi zafi ko kiran waya ba a ɗauka balle sauraren shiri. Mahautan Oko-Oba haka. Maigadi a lokacin yake sauka daga aiki ya nemi wajen kwanciya. 'Yan canji kuma sai hantsi suke fitowa. Ko su masu motar ma sun ragu a kan sitiyari tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wasu sun ajiye mota sun koma BRT, wasu jirgin ƙasa, shuɗin layi da ya fara a 2023 da jan layi na 2024 wanda ya ratsa ta Agege, kuma ka shiga ka duba, kowa iyafis ne a kunne, Allah kaɗai ya san me yake ji.

Toh ta ina gidan rediyo ya samo miliyoyinsa? Gaskiyar magana rediyo ba ta san wa ya kunna ta ba. Tasha tana watsa murya ne ta tafi, babu abin da ke dawowa ya ce ga Malam wane ya kama. Duk lambar da aka nuna maka kintace ne, an zaɓi wasu 'yan mutane an bi diddiginsu, sai a ninka a ce haka sauran gari suke. Ba laifi ba ne, haka ake yi a ko'ina, amma hanyar bin diddigin ce ke da bambanci. Akwai wadda za a tare ka ko a kira ka a ce jiya da safe wace tasha ka ji, nan mutum sunan da ya fi zama a bakinsa yake faɗa, ko da rabonsa da tashar ya kwana biyu, shi ya sa tsofaffin tashoshi masu suna ke cin riba a irin wannan. Akwai ta littafi, a ba ka ɗan littafi na mako guda an raba kowace awa gida huɗu, kana ji kana yin alama. A Birtaniya hukumar RAJAR mai auna masu sauraren rediyo, wadda BBC da tashoshi masu zaman kansu suka haɗu suka kafa a 1992, da wannan ta daɗe tana aiki, tana fitar da sakamako duk wata uku, kuma ƙa'idarsu in ka ji minti 5 a cikin kwata ɗin awa an ƙirga ka. Matsalar littafi ita ce ɗan Adam, da yawa sai daren da za a zo karɓa suke zama su cike na kwana bakwai da ka. Da korona ta zo a 2020 ma tsayar da aikin suka yi don ba a shiga gidajen mutane, da suka dawo a 2021 sai suka haɗa da manhajar waya mai sauraren abin da ke tashi a kusa da mutum.

Ta ukun ita ce 'yar na'urar da ake maƙalawa a jiki, wadda kamfanin Arbitron ya fara amfani da ita a biranen Amurka a 2007, daga baya Nielsen ta sayi kamfanin a 2013. Kowace tasha tana cusa wata alama cikin sautinta wadda kunnen mutum ba ya ji, na'urar ce ke tsinta ta rubuta. Wannan ba ta mantuwa kuma ba ta son kai, amma ita ma ba ta san ko hankalinka na wajen ba, in ka shiga shagon aski rediyo na yi an rubuta ka a mai saurare, in kuma da iyafis kake ji tana iya rasa ka gaba ɗaya. A farkon 2025 Nielsen ta rage ƙa'idarta daga minti 5 zuwa 3 a biranen da ake amfani da na'urar, alƙaluma suka tashi ba tare da an ƙaru da mutum ko ɗaya ba. Ka riƙe wannan a ranka duk sanda aka ce maka masu saurare sun ƙaru.

Abin da ya fi kama da namu shi ne rigimar New York ta 2008. Da aka kawo na'urar, tashoshin baƙaƙen fata da na masu jin Sifaniyanci suka ga lambobinsu sun faɗi, suka ce ba mutanenmu ne suka daina ji ba, ku ne ba ku sa su cikin waɗanda kuka raba wa na'urar yadda ya kamata ba, musamman gidajen da ba su da wayar tebur sai ta hannu. Antoni Janar na jihar a lokacin, Andrew Cuomo, har kotu ya kai Arbitron, aka sasanta a farkon 2009 kamfanin ya yarda zai gyara yadda yake zaɓen mutane. In a can da suke da adireshin kowa haka ta faru, ina ga Bahaushen Legas.

Don a nan, alƙaluman da kamfanonin talla suka daɗe suna dogaro da su daga bincike irin na kamfanin Media Planning Services suke fitowa, na littafi da tambaya, sai GeoPoll da ke tambayar mutane ta saƙon tes. Ita kanta gwamnati ta san akwai giɓi, a 2020 ministan yaɗa labarai na lokacin Lai Mohammed ya kafa kwamiti musamman kan auna masu kallo da saurare. Yanzu ka tambayi kanka, mai bincike da ke bi gida-gida zai iske wanda ke kwana a shago ko a masallacin kasuwa ko a ɗakin gadi ko ƙarƙashin tirela a Apapa? Wanda ke wata huɗu a Legas ya koma gida noma in damina ta faɗi fa? Tes in ya zo da turanci, mai karatun allo da ajami zai tsaya amsawa? Ga shi kuma ninkawar da ake yi tana buƙatar a san yawan mutanen gari, alhali ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, wadda ta ba Legas miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jihar ta ce ƙarya ne sun haura miliyan 17. A misali kawai, a ce an tambayi mutum 1,000 a Legas aka dace 20 Hausawa ne, in biyu suka yi tafiya a makon ko suka manta littafin, a takarda sai a ga kashi 10 cikin 100 na Hausawan gari sun daina jin rediyo. Saboda haka lambar tasha tana iya zama gaskiya game da Legas baki ɗaya, amma ba ta ce komai ba game da kwastomanka.

In ɗan tallar ya zo kar ka ji nauyi, ka tambaye shi wa ya yi binciken, wace shekara, mutum nawa aka tambaya, a waɗanne unguwanni, da wane yare. Ka kuma tambaye shi miliyoyin nan na me ne, don kala uku ne ake cakuɗawa. Akwai yawan mutanen da ke zaune inda siginar tashar ke kaiwa, wannan ba saurare ba ne sam. Akwai waɗanda suka taɓa murɗowa ko sau ɗaya a mako. Sai waɗanda ke ji a daidai kwata ɗin awar da tallarka za ta fita, ita ce ƙarama kuma ita kaɗai ce kake biya dominta. Yawanci ta farko ko ta biyu ake nunawa. In ya fara kame-kame ka gane.

Amma a yi wa rediyo adalci, akwai inda kintacen ke rage mata. Rediyo ɗaya a teburin mai shayi mutum goma ke ji suna gardama a kai, kuma ba ta cin data, ba ruwanta da sabis, batir biyu ya isa.

Yaron mai shafi shi kuma lambarsa ba kintace ba ce, na'ura ce ta ƙirga, nan ya fi. Sai dai me ta ƙirga? Facebook ya shekara da shekaru yana lissafa daƙiƙa 3 a matsayin kallo, TikTok kuwa bidiyo na fara motsi an rubuta, ko da yatsanka wucewa yake yi. Mutum ɗaya ya dawo sau uku ana iya rubuta uku. Mabiya kuma ana sayensu, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Babbar matsalar ma ba wannan ba ce, ita ce wurin zama. Shirin Hausa a intanet na duk mai jin Hausa ne, dubu hamsin ɗin nan ƙila rabi suna Kano da Kaduna, wasu Yamai, wasu Kumasi, wasu Jidda, kai kuma tuwo da miyar kuka kake sayarwa a Idi-Araba. Abin daɗin shi ne wannan ana iya dubawa, saɓanin na rediyo. Ka ce masa ɗana buɗe min wajen alƙaluman shafin a gabana, ba hoton da ka ɗauka ba, ka ga garuruwan masu kallo, maza ne ko mata, shekarunsu, da minti nawa suke tsayawa. In tallarka a minti na 20 take kuma yawanci a minti na 2 suke ficewa toh ka san inda kuɗinka ya tafi. Ka kuma shiga shirin da kanka da asuba ka kalli 'yar lambar nan ta sama mai alamar ido, ita ce ke nuna waɗanda ke ciki a lokacin, sau da yawa za ka ga tazararta da dubban da ake faɗa ba kaɗan ba ce.

Data ma na canza lokacin ji. Sauti zalla mai matsakaicin kyau yana cin wajen MB 29 a awa, bidiyo kuwa ninkin haka sau da yawa, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Shi ya sa mutane da dama ba sa bin shiri kai tsaye, sai dare in data ta yi araha su sauke, ko su jira guntun da aka yanko aka tura guruf. Tallar da ta ce mota za ta tashi yau ƙarfe 12 in an ji ta gobe da daddare ba ta da amfani, amma wadda ta ce ga shagonmu ga lambarmu tana iya yawo wata guda tana kawo mutane, kuma wannan yawon na WhatsApp babu mai iya ƙirga shi, har shi mai shirin. A sitatus ne kawai kake ganin sunan duk wanda ya buɗe, shi kuma awa 24 ne ya ɓace.

Ta fuskar amana rediyo ta fi tsari. Tasha tana da lasisin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, tana da ofis da za ka je, za ta ba ka risit da takardar shaidar cewa an sa tallarka rana kaza ƙarfe kaza, kuma har yanzu a wajen dattawa abin da aka ji a rediyo yana da wani kwarjini. Mai shafi kuwa yau yana nan gobe an rufe shafin, ko ka tarar an sa tallar shagonka ana gamawa ya shiga zagin wani malami ko ɗan siyasa, mutane su haɗa ku. Ta ɓangaren kuɗi kuma shi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ana ciniki, kuma zai karanta da bakinsa da Hausar da mutanenka ke ji, alhali a FM bayan kuɗin fili akwai na haɗa tallar, kuma sau ɗaya ko biyu ba ya komai sai an yi ta maimaitawa makonni. Doka dai ta hau kan duka biyun, tun 2022 da hukumar kula da tallace-tallace ta APCON ta koma ARCON ana so a tantance talla kafin ta fita har da ta intanet, in kuma maganin gargajiya ne ko abin ci na kwalba ga NAFDAC, kar wani ya ce maka a waya ba ruwan kowa.

Ni dai ga yadda nake gani. In kayanka na kowa ne, shinkafa buhu-buhu, ragunan layya, canjin kuɗi, gwal, wato mai sayenka Bayerabe ne da Ibo da ma'aikacin banki, je ka FM, kuma ka yi ta da buroka a tasha irin Wazobia 95.1 ko da Yarbanci, a nan lambar tasu tana magana kan mutanen da kake nema kuma tsadar safe ta cancanta. In kuwa Bahaushe kake nema, kar ka biya kuɗin gosulo. Ka nemi filin Hausa a tashar da ke da shi, Bond FM 92.9 ta Rediyon Najeriya tana shirye-shirye da manyan harsunan ƙasa har da Hausa, ka tambayi lokacin da kanka ka saurara ka ji su wa ke bugo waya kuma daga wace unguwa, in ka ji ana cewa daga Agege, daga Mile 12, daga Ajah, ya fi maka takarda mai kala. Sauran kuɗin ka ba mai shafin da ya yarda ya nuna maka garuruwan masu kallonsa. Masu atamfa da turaren wuta da kayan kicin, naku matan gida ne, su kuma sai an sallami yara makaranta an gama shara suke samun kansu, hantsi ke nan, kuma a waya suke, muryar da wata za ta tura guruf ɗin matan unguwa ko na Islamiyya ta fi muku kowane fili na ƙarfe 7. Mai lodin kaya kuwa ya tuna wanda ke biyan kuɗin mota sau da yawa ba a Legas yake ba, yana Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, tallarsa a tashar Kano irin Freedom Radio ta fi kusa da aljihun da yake nema, kuma shi kaɗai ne masu kallon Kano na shafin yaron nan ba asara ba ne a wajensa.

Kowanne ka ɗauka ka yi naka awon. Sayi sabon layi ka sa shi a tallar rediyo kaɗai, wani layin a ta waya, yaron shago ya riƙa rubuta kiran da ya shigo kowanne da wanda ya zama ciniki, wanda ya zo da ƙafa a tambaye shi Malam a ina ka ji mu. Ka sake su a makonni ɗaya don kar ka haɗa ƙarshen wata da tsakiyarsa. Kar kuma ka yi gwajin cikin azumi ko gab da Babbar Sallah, lokacin safiyar mutanenmu tana komawa sahur, bayan asuba a koma barci, ga rabin gari sun tafi gida, abin da ka gani a lokacin ba zai yi maka aiki a sauran watanni ba.